Tuwon Girma, Miyarsa Kuka

Shekara biyu ke nan da na rage cin nama, har yau kuma Inna ba ta yarda lafiyata ƙalau ba. Duk Juma'ar da na je gaishe ta sai ta sa an tsamo tsoka biyu an ɗora min a kan tuwo, ta zauna tana kallona kamar mai jinya. In na miƙa wa jikokinta tsokar, sai ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, in likita ne ya hana ka, ka faɗa min gaskiya. Hawan jini ne ko suga?" Na rantse mata ba ko ɗaya. Ta ce to shi ke nan, aljihu ne. Uwargida ta fi ta iya yanka magana. Ita cewa ta yi rowa ce kawai na naɗa wa rawani.

Lafiyata lau, aljihun ma da sauran dama, alhamdu lillahi. Wata tirela ce ta jawo.

Tafiya ce ta kama ni zuwa Kudu. Muna dab da Lokoja cunkoso ya tsare mu, irin wanda direbobi ke kashe mota su fito su shimfiɗa kwali a inuwarta. Motarmu ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da wata tirelar shanu, tagata daidai da tsagar jikinta, muka kwashe wajen awa uku a haka. An cusa su ne ba tsaye ba ba kwance ba, kan wannan a gadon bayan wancan, an ɗaure ƙahonni da igiya a jikin ƙarfe har wuya ya murɗe, hanci na kallon sama. Wanda ke daidai tagata farin sa ne, bunaji. Igiya ta ci gindin ƙahonsa, ƙudaje sun taru a wurin. Harshensa a waje, ya bushe kamar ganda. Ba kuka, ba motsi, sai haƙarƙari da ke hawa yana sauka.

A can sama, kan katakon da aka gitta, samari ne shida ko bakwai, ƙura ta yi musu furfura. Na yi wa ɗaya sallama na ce, "Samari, yaushe kuka taso?" Ya ce, "Shekaranjiya da dare, Alhaji." Na ce, "Sun sha ruwa kuwa?" Ya yi dariya, ba ta raini ba, ta mamakin tambayar. "Alhaji, in ka sauke su wa zai mayar maka da su? Ai sai Ikko."

Kafin hanya ta buɗe, wani sa daga can ƙurya ya fara shure-shure. Nan da nan suka dira, ɗaya ya zaro wuƙa daga ƙugu, aka yi bisimilla aka yanka shi a inda yake, a tsakiyar 'yan'uwansa, don kada ya zama mushe a yi asara. Yanka ya yi. Ba malamin da zai ce naman nan bai halatta ba.

Ba zan yi ƙaryar cewa daga ranar na daina ba. A daren ma da muka sauka na ci tsire da albasa da yaji, ya kuma yi min daɗi. Daga baya ne abin ya riƙa dawo min a hankali, kamar ƙayar da ta karye a tafin ƙafa, ba ka ganinta sai ka taka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda muka tattara maganar halal gaba ɗaya muka ɗora ta a kan kaifin wuƙa. Wa ya yanka? Musulmi ne? Ya ambaci sunan Allah? Ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya? Da an ce e, magana ta ƙare, a kawo yaji. Minti ɗaya na ƙarshen rayuwar dabba muke wa binciken ƙwaƙwaf, kwana ukun ƙishirwar da suka gabace shi kuwa ba ruwanmu. Alhali hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda kowane ɗan Islamiyya ya haddace a cikin Arba'una, bai fara da wuƙa ba. Ya fara ne da cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, sannan ya gangaro kan yanka, ya ce a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. A hutar da shi fa. To ina hutun yake a bayan tirelar nan?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. An ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani ya kwantar da tunkiya yana wasa wuƙa tana kallo, ya tambaye shi ko so yake ya kashe ta fiye da sau ɗaya. Ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya zubar da hawaye, ya nemi mai raƙumin ya ce masa ya ji tsoron Allah, dabbar nan ta kawo ƙararsa cewa yana barinta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. An gafarta wa wani saboda karen da ya shayar. A Suratul An'am an ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Duk mun san waɗannan. Muna jin su a tafsirin azumi muna girgiza kai, mu fito daga masallaci mu tsaya wajen mai kaji, ya yanka guda biyar a jere ya jefa su cikin durom ɗaya suna bugun juna, sauran da ke keji suna kallo, mu kuma muna duba waya.

Ni ma ba baƙo ba ne a laifin, gara in faɗa da bakina. Wata shekara na zuba kajin gidan gona ɗari biyu a wani shago da ban gama ginawa ba, da niyyar in sayar da ƙaramar Sallah. Wanda bai taɓa kiwonsu ba bai san abin da yake ci ba. An tace irinsu ne don su yi ƙirji da gaggawa. Cikin sati shida sun isa yanka, alhali kazar Hausa sai ta yi watanni tana tonon bola kafin ta cika hannu. Nama yana riga ƙashi girma. Daga sati na huɗu za ka fara ganin wasu sun zauna, ƙafa ta gaza ɗaukar jiki, suna jan ƙirji zuwa mazubin ruwa, gashin wurin duk ya tuje. Fitila a kunne take kwana don kada su yi barci su daina ci. Warin kashinsu a cikin dusar katako yana sa idonka ruwa, kai da ka shigo na minti biyar, su kuwa a ciki suke kwana su tashi. Magani a ruwan sha tun suna 'yan tsaki, da ciwo da ba ciwo. A jikin ledar maganin an rubuta a dakata wasu kwanaki kafin a yanka. Ni dai ban taɓa dakatawa ba. Wata rana ana tsananin zafi na dawo daga aiki na tarar goma sha bakwai sun mutu baki buɗe. Na tsaya a kansu na yi lissafi, kuma wallahi kuɗi kawai na lissafa.

Shagona ɗigo ne a cikin kogi. Kajin da ake yankawa a duniya duk shekara sun haura biliyan 70, mu mutanen kuwa biliyan 8 ne da 'yan kai. Mafi yawansu irin rayuwar da na ba nawa suke yi, sai dai a rumfunan da ke cin dubbai.

Irin wannan kiwon ne ya ƙara wa masu ƙaurace wa nama yawa a Turai da Amurka. Masu tsananin cikinsu suna kiran kansu bigan, kalmar da wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiro a Ingila a 1944. Su ba nama kaɗai suka bari ba. Ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba zuma, ko takalmin fata ba sa sawa. Na san da an ambace su wani zai ce ga wani sabon salon kuma an kwaso mana daga Nasara. To ya saurara. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya daina cin nama da ƙwai da madara da zuma ƙarnoni kafin a haifi kakan kakan Watson. Hujjarsa ita ce uwa don ɗanta ta yi nono, ƙudan zuma kuma ba don mu ya tara ba. Malamai da yawa sun tuhumi aƙidarsa, ni ma ba limamina ba ne. Na kawo shi ne kawai don a san tambayar ta girmi Bature.

Amsarsu ce ban karɓa duka ba. Duk wanda ya ce yanka shi kansa zalunci ne, ni da shi mun raba gari. A Suratul Ma'ida an hana mu haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta mana. A cikin Sahihu Muslim, cikin mutanen nan da suka so su wuce gona da iri a ibada har da wanda ya ce shi ba zai ci nama ba, Annabi kuma bai yaba musu ba. Shi da kansa ya ci nama, yana son karfata, ya yi layya da hannunsa. Da na fara wannan abu na sami limamin unguwarmu bayan sallar Asuba na ce, "Allah gafarta Malam, ina tsoron kada in faɗa bidi'a ban sani ba." Ya saurare ni har na gama, ya ce, "In ka bar shi kana ganin haramun ne, ka yi kuskure. In ka rage shi don tsantseni, ba mai hana ka. Amma kada ka ɗora wa iyalinka."

Sai dai akwai rabin labarin da ba mu cika son ji ba. Gidan da aka ci karfatar nan, shi ne gidan da Nana A'isha ta ce sukan ga jinjirin wata uku a jere ba a hura wuta ba, dabino da ruwa kawai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, Sayyidina Umar ya ce a yi hattara da nama, domin yana da jaraba irin ta giya. A nan ne kuma ya haɗu da Jabir ɗan Abdullahi ɗauke da naman da ya saya na dirhami ɗaya don marmari, ya tambaye shi shin ɗayanku ba zai naɗe cikinsa ba saboda maƙwabcinsa ko ɗan baffansa? Naman dirhami ɗaya ke nan. Ina ga Umar ya leƙa firjin wasunmu?

Shi ya sa nake cewa wannan magana ba da talaka nake yin ta ba. Talakan ƙasar nan bigan ne na dole, daga Sallah sai Sallah, ko in an yi suna a maƙwabta. In aka raba naman da ake ci a Najeriya a kan kowa da kowa, mutum ɗaya ba ya samun kilo 10 a shekara. Na Ba'amurke ya haura kilo 100. Mai cin kilo ɗari ba shi da bakin yi wa mai kilo goma wa'azin rage ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Yaron da ke cikin wannan hali ƙwai yake buƙata, da nono, da ɗan kifi, ba falsafa ba. Akwai sinadarin B12 da jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, ba a kuma samunsa a ganye ko hatsi. Su bigan na Turai ƙwayarsa suke sha. Wanda ya hana yaro ko mai ciki ko mai jego abin da ya fito daga dabba a ƙauyen da ko kemis babu, ya tausaya wa kaza ya zalunci mutum. A gidana yara suna cin ƙwai suna shan nono, uwarsu tana cin abin da ranta ke so. Dokar a kaina ta tsaya.

Da mu nake, mu masu albashi da 'yan kasuwa, masu tumbin da ya riga mu shiga ɗaki. Mu da muka mayar da tsayawa wajen mai tsire bayan Isha'i kamar wata nafila. Miya da nama da rana, farfesu da dare, kaza in an yi baƙo, kaza in ba a yi ba. Buƙatarmu ce, da ta ire-irenmu a Abuja da Legas da Fatakwal, ke cika tirelolin nan da shagunan kaji irin nawa. Muna son nama da yawa kuma da araha. To araha ba daga sama take faɗowa ba, wani ne yake biyan cikon, kuma wanda yake biya ba ya magana.

Nono kuwa ban bari ba, ba ni da niyyar bari. Bafulatanar da ke kawo mana shi, na taɓa raka ta rugarsu sayen man shanu. Kowace saniya da sunanta, ana kira tana ɗago kai. Sai an saki maraƙi ya fara tsotsa kafin a kai ƙwarya. Bafulatani na iya shekara bai yanka saniyarsa ba, in ta mutu kuwa har zaman makoki za ka ga kamar ana yi. Dabbar nan tana cin ciyawa da karan da ni da kai ba za mu iya ci ba, ta mayar da su abinci, ta bar taki a gona. Wanda ya haɗa wannan da rumfar kaji dubu hamsin ya ce duk ɗaya ne, bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Ba ina cewa mu waliyyai ba ne a wajen dabba. Jakin da aka labta wa yashi ana dukan gyambonsa namu ne, yaran da ke jifan kare don nishaɗi ma 'ya'yanmu ne. Amma mun gaji wata hanya ta zama da dabba wadda ta san kunya, ita ce kuma muke saki muna kama ta kamfani.

Abin da ya ba ni mamaki da na fara shi ne rashin wahalar abin. Na ɗauka zan sha yunwa, ashe komawa gida kawai na yi. Tuwon dawa da miyar kukar da ta ji daddawa da wake. Ɗanwake da mai da yaji. Ƙosai da kunun tsamiya da safe. Alala, faten wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwaɗon rama, dambu, miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, kunun gyaɗa, garau-garau. Ba ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, duk wanda ya shiga Dawanau bayan kaka ya gani da idonsa. Turawan da ke neman abin da zai maye musu nama suna kashe kuɗi a ɗakunan bincike, mu kuwa daddawar kalwa da kakata ke dakawa ta riga ta yi wa miya abin da suke nema.

Ga kuma awara, wadda iyayenmu ba su tashi da ita ba amma yanzu ba lungun da babu mai suyarta. Wata maƙwabciyarmu da ita take riƙe da marayu huɗu. Takan jiƙa waken suya tun dare, da sassafe yaro ya kai inji, ta tace a ƙyalle, ta ɗora ruwan a babbar tukunya. In ya tafasa sai ta riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, kana tsaye za ka ga farin ruwa ya tsinke, ya dunƙule ya taso sama kamar gajimare. Ta kwashe a ƙyalle da attaruhu da albasa, ta ɗaure, ta danne da dutse. Kafin la'asar an yanka ana soyawa, 'yan makaranta sun yi layi. Abin da ake sayarwa da tsada a kantunan Landan a matsayin abincin masu wayewa, shi ne yaranmu ke saye da canjin aike.

Matsalarmu ba ta ciki ba ce, ta kai ce. Mun sa wa waɗannan abinci sunan talauci. Ka ba baƙo ɗanwake sai ka haɗa da ban haƙuri, "a yi haƙuri, ba a shirya ba." An ce tuwon girma miyarsa nama, mun kuwa riƙe karin maganar nan kamar aya. Mun manta cewa lokacin da aka yi ta, naman na ranar girma ne. Ana yanka ne in an yi haihuwa, ko aure, ko babban baƙo, ko Sallah, dabbar kuma a turken gidan ta girma. Abin da ake ci kullum ai ya daina zama na girma.

Akwai ƙorafin da na fi ji, kuma ba na raina shi. Ana kashe mutane a ƙauyuka, ana sace yara, mudun shinkafa ya gagari magidanci, kai kuma kana nan kana kukan sa? Abin da nakan ce shi ne tausayi ba hatsi ba ne da za a ce in an auna wa dabba mudu ɗaya na mutum ya ragu. A koma kan tirelar nan. Samarin da ke zaune a kan katako, kwana uku cikin rana da raɓa, ba inda za su riƙe, su wa ya tausaya musu? Sau nawa muka ji tirelar shanu ta kife, an kwashi gawar mutane da ta dabbobi a wuri ɗaya? Idon da ya saba ganin sa a murɗe bai ji komai ba, shi ne ya saba ganin yaro a samansa bai ji komai ba.

Sai maganar masu sana'a, wadda ta fi damuna. Mahaucin da nake saye a wurinsa shekara da shekaru ya tare ni wata rana ya ce, "Malam, kwana biyu. Ko mun yi laifi ne?" Na ji kunya, don na san da cinikin irina yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Na faɗa masa dalilina ina jiran ya yi min dariya. Sai ya ajiye wuƙa ya ce, "Wallahi Malam mu muka fi kowa sani. Na yi zaman Kudu. Dabbar da ta iso a galabaice namanta baƙi yake yi, ba ya kwana, mai saye ma yana gani ya wuce." Wato wahalar nan ko riba ba ta kawowa. Makiyayi ya yi kiwon shekara huɗu, a zubar da ƙibar a kan kwalta cikin kwana uku.

Ba na fatan kara ta mutu. Potiskum ranar Laraba, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, dubban gidaje ne ke ci daga nan, tun daga dillali har mai sayar da igiya. Fatana a canza yadda dabba ke barin wuraren nan ta yi tafiyar sama da kilomita dubu. Amurka, duk da cin namanta, tun 1873 take da dokar da ta hana a wuce awa 28 da dabba a hanya ba a sauke ta ta ci ta sha ta huta ba. Mu da muke da hadisin kyautatawa shekara dubu da ɗari huɗu, mashaya nawa muka gina a hanyar Kudu? Shingayen karɓar na goro da ke ƙara wa tafiyar tsawo kuwa ba a ƙirga su. A 2016 an gwada ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, aka yi ta ɗaukar hoto, ga shi har yau tirela ce ke aikin. A 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya. In tana neman aikin da za a gani da ido, ga shi a bakin titi: a ƙayyade yawan dabbar da mota za ta ɗauka, a yi wuraren sauke su su sha ruwa, a hana ɗora mutane a samansu. Wanda ya fi duka, a yanka a nan Arewa a tura nama a motocin sanyi, fata da ƙashi da aikin yi su zauna a gida. Na san wannan sai da wutar lantarki, na kuma san inda maganar wuta take ƙarewa a ƙasar nan.

Malamanmu ma da nasu. Duk shekara kafin babbar Sallah ana huɗuba a kan shekarun rago da lafiyar idonsa da ƙahonsa. Ina ma a ƙara minti biyar a kan ragon da aka naɗe a but ɗin mota aka rufe, da wanda aka ɗaure a bayan babur kansa na lilo, da wanda ake fara feɗewa jikinsa bai gama saki ba.

Ni dai abin da na iya shi ne na bakina. Yawancin kwanaki ba na cin nama, ba na cin kazar gidan gona ko kaɗan. Ina cin na layya, don ragon a gidana yake yin wata biyu, yara suna ba shi dusa da harawa suna yi masa wanka, ranar yanka kuma a bayan katanga nake wasa wuƙa. Ina cin na suna. In na je gidan mutum ya sa min nama ina ci in yi godiya, ba zan kunyata mai masaukina don in nuna tsarkina ba. Kuma ina faɗuwa. Kilishi ya kayar da ni ya fi a ƙirga, ƙamshin balangu in iska ta kaɗo shi da dare har yanzu yana sa ni rage tafiya. Bigan na gaske zai ce ni ba nasu ba ne, kuma gaskiyarsa.

Juma'ar da ta wuce na shiga gidan Inna na ji ƙamshi tun daga zaure. Ta sa an kawo kwano, ta buɗe da kanta. Kaza ce, 'yar ƙarama, ta sha albasa. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu.

"Kada ka ce min komai. Wannan ka san ta. Wake-waken nan ce mai shigo min ɗaki tana ɓata min tabarma. Shekararta biyu tana yawo a gidan nan, ba wanda ya taɓa ɗaure ta, ta ci dawata ta fi mudu goma. Ita ma tirelar ta hau?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To bisimilla."

Naman da tauri, irin na kazar da ta yi gudu a rayuwarta. Na ci cinya, na ƙara da fiffike, tana zaune tana kallona har na tauna ƙashin.